Sharhi a Kan Haɗa Na'urar Kunne da Rediyon Oba-Oba a Motar Agajin Gaggawa

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta ratsa Godogodo da Gidan Waya ta nufi mahaɗar Fores, inda take gamuwa da wadda ta taso daga Akwanga ta kan Gwantu kafin su ɗunguma su hau Hawan Kibo zuwa Jos, ya san cewa hanya ce wadda manyan motocin kaya da tankokin mai da motocin haya ba su ɗauke mata ƙafa dare da rana. Ya kuma san cewa idan tsautsayi ya auku a kanta, Allah ya kiyaye, akwai tafiya mai tsawo tsakanin wanda ya jikkata da hannun likita, domin ko dai a nufi babban asibitin Kafanchan wanda aka sa wa sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, ko kuwa, idan raunin ya yi tsanani, a haura da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. A tsawon wannan tafiya motar da ta ɗauko shi tana bukatar gudu, tana kuma bukatar magana, domin a san tana tafe, a san abin da ta ɗauko, a tanadi gado da jini da likita tun kafin ta tsaya a ƙofa. Jama'a sun fi lura da gudun, saboda shi ake gani kuma jiniyarsa ake ji, amma maganar ce muke nufin yin nazarinta a nan, ta fuskar wata 'yar mas'ala wadda ake rainawa alhali kuwa ɓacinta yana ɓata sauran aiki, wato yadda ake haɗa na'urar kunne mai makirufo da rediyon nan na mota wanda jama'a ke kira oba-oba.

Dalilin riƙon rediyo alhali ga wayar salula

Tambayar da mai hankali zai fara yi ita ce, mene ne amfanin oba-oba a zamanin da ko mai tallan citta a bakin titi yana da waya a aljihu? Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a shekarar 2001 ta zama ita ce hanyar farko ta neman agaji, kuma hukuma ta gina a kanta, domin akwai lambar 112 ta gaggawa wadda Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta kafa wa cibiyoyi a jihohi, akwai kuma lambar 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a shekarar 1988. Babu mai musun fa'idar waɗannan wajen kai labari daga jama'a zuwa ga hukuma. Amma magana tsakanin ma'aikatan agaji su da kansu, a lokacin da ake tsakiyar aiki, wani sha'ani ne dabam, kuma a nan ne gazawar waya take bayyana. Sai an nemo lamba, an danna, an jira ta shiga, an jira a ɗauka. Mutum ɗaya take sadawa da mutum ɗaya. Dokar hanya ta hana direba riƙe ta yana tuƙi. Sa'an nan rayuwarta duka ta rataya ne a kan turakun kamfani, waɗanda man janaretansu ke iya ƙarewa ko tsawa ta faɗa musu. Har ma an ga lokacin da hukuma da kanta ta rufe su saboda maslahar tsaro, kamar yadda aka yi a Zamfara a watan Satumba na 2021, aka kuma yi a wasu sassan Jihar Kaduna daga ƙarshen watan nan har zuwa ƙarshen Nuwamba.

Shi kuwa oba-oba, danna maɓalli ɗaya ya isa duk wanda ke kan zangon ya ji a lokaci guda, mai tsaron ofis da motar da ke gaba da wadda ke baya, ba tare da kati ko sabis ba. Wannan hikima ba ta yau ba ce, domin 'yan sandan birnin Ditiroyit na Amurka sun fara aika saƙo zuwa motocinsu ta rediyo a 1928, sa'an nan a 1933 na garin Bayon a Jihar Niyu Jasi suka sami wanda mota ke iya mayar da jawabi da shi. Sai dai shi ma yana da iyakarsa. Zangunan da ake aiki da su, wato VHF daga megahaz 136 zuwa 174 da UHF daga wajen 400 zuwa 470, suna tafiya ne kusan a miƙe kamar gani, dutse yana tare su, kurmi yana rage musu ƙarfi, kuma ƙasar Jama'a da Sanga da Kaura ƙasa ce ta duwatsu da kwaruruka da itatuwa, ga dutsen Kagoro a tsaye, ga dajin Nimbiya, ga bangon tudun Filato wanda tsayinsa ya haura mita 1,200. Rediyon hannu mai ƙarfin wat 4 ko 5 ba ya nisa a irin wannan ƙasa, na mota mai wat 25 zuwa 45 ya fi shi nesa ba kusa ba, amma abin da ke haɗa kwari da kwari shi ne tashar maimaitawa da za a kafa a kan tudu, ta karɓi muryar mota ta sake watsa ta. Wajibi ne kuma a sami lasisin zango daga hukuma, a kuma yi hattara da wani irin oba-oba na zamani wanda surarsa ta rediyo ce amma cikinsa sim ne, domin ranar da sabis ya ɗauke, tare suke mutuwa da wayar da aka saye shi don ya gaje ta.

Abin da ya sa lasifika ba ta wadatar

Idan an sallama da bukatar rediyo, saura a tambaya, me ya hana a wadatu da lasifikar da ya zo da ita da makirufon hannu mai igiya? Jawabin yana cikin ƙara da kuma hannu. Jiniyar da ta cika sharaɗi tana kai wa desibel 120 a nisan mita 3 daga gabanta, kuma ko da yake abin da ke shigowa cikin mota bai kai haka ba, idan aka tara shi da rurin inji da iskar taga da kwaramniyar ramuka da ruwan damina mai dukan rufi, sai lasifika ta zama ana jin sautinta ba a fahimtar kalmominta. Masana lafiyar ma'aikata a Amurka sun ƙayyade cewa kunne yana jure desibel 85 na sa'a 8 a yini, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu, har ya zama a desibel 100 minti 15 ne kurum. Saboda haka ma'aikacin da ya shekara goma yana ƙure lasifika domin ta rinjayi jiniya yana biyan farashin da jinsa, a hankali, ba tare da ya sani ba. Na'urar kunne mai rufe kunnuwa tana rage ƙarar waje da desibel 20 da 'yan kai, tana kuma kawo muryar har bakin kunne, don haka ba a bukatar a ƙure ta.

Game da hannu kuwa, ma'aikacin jinya da ke bayan mota yana danne jijiya mai zubar da jini, ko yana matsa jakar numfashi, ba shi da hannu na uku da zai miƙa ya ɗauko makirufo, kuma direban da ke gangarowa daga Hawan Kibo a bayan tirela yana bukatar hannuwansa biyu a kan sitiyari. Malaman usulu sun lissafa kiyaye rai a cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin tsarewa, sun kuma kafa ƙa'ida cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, to shi ma ya zama wajibi. Ba ma cewa na'urar kunne ta kai wannan matsayi a kowace mota, amma inda ya tabbata cewa saƙon ceton rai ba ya isa sai da ita, ta fita daga babin ƙawa ta shiga babin bukata.

Rukunan haɗin

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton cewa idan filogi ya shiga rami to haɗi ya yi. Bisa haƙiƙa, abubuwa huɗu ne ake sulhuntawa tsakanin na'urar kunne da rediyo, kowanne da sharaɗinsa: hanyar makirufo, hanyar sauti zuwa kunne, maɓallin magana, da wayar da ake kira as, wadda sauran ke komawa gare ta.

Makirufo iri biyu ne a wannan fage. Akwai mai maganaɗisu wanda ke haifar da ɗan lantarkinsa daga motsin murya, akwai kuma ƙaramin nan da ke cikin yawancin na'urorin zamani, wanda ba ya aiki sai rediyo ya ciyar da shi da 'yan bolt kaɗan ta wayar da muryar ke bi. Idan aka sa wanda ke bukatar ciyarwa a rediyon da ba ya ciyarwa, mai magana zai yi ta magana ba a jin kome. Idan kuma ƙarfin makirufon ya zarce abin da rediyo ke jira, murya za ta fashe ta zama gwaranci, idan ya gaza kuwa ta zama raɗa. Na'urorin matuƙan jirgin sama, waɗanda akan tsinta a kayan gwanjo kuma ingancinsu ke ruɗin mai saye, an ƙera su ne bisa ma'aunin rediyon jirgi, don haka ba su zama daidai a rediyon mota sai da akwatin daidaitawa a tsakani. Abin nema shi ne makirufo mai kore ƙarar gefe, wanda ke karɓar sautin da ya zo daga kusa ya yi watsi da na nesa, kuma sharaɗin aikinsa shi ne ya tsaya dab da leɓe, domin idan ya yi nisa da faɗin yatsu uku sai ya ɗauki muryar mai shi ita ma a matsayin ƙarar gefe.

Hanyar sauti ita ce inda aka fi yin ɓarna. Rediyon mota yana fitar da wat da yawa domin lasifika mai om 4 ko 8, alhali kunne ɗan abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na wat ba ya ishe shi, saboda haka wanda ya jona na'urar kunne kai tsaye a wayoyin lasifika yana iya ƙona ta, ko ya cutar da dodon kunnen mai sawa. Abin da ya fi wannan ɓoyuwa shi ne, a rediyoyi masu yawa, musamman na kamfanin Motorola, wayoyin lasifika biyun duka masu ɗauke da wuta ne, babu wadda take as a cikinsu. Mai wayarin ɗin mota kuwa ya saba da cewa kowace na'ura tana da waya ɗaya da ake ɗaurawa a jikin ƙarfen mota, to ranar da ya bi al'adarsa ya ɗaura ɗaya daga cikin waɗannan, ya kashe sashen sautin rediyon. Maganin abin shi ne a ɗauki sauti daga ƙofar da aka tanada dominsa mai rauni, ko a sa ƙaramar taransifomar rabewa tare da rezista masu rage ƙarfi.

Maɓallin magana shi ne bambancin asali tsakanin rediyo da waya, domin a oba-oba ba a magana da saurare a lokaci guda, sai ɗaya ya saki ɗaya ya kama. A mafi yawan rediyoyin mota, danna maɓallin yana haɗa wata waya ce da as, sai rediyo ya juya daga saurare zuwa watsawa. Iyafis ɗin wayar salula ba shi da wannan hanya, kuma ko a tsakanin wayoyin salula ma an yi tsari biyu da suka saɓa wajen jera makirufo da as a jikin filogin milimita 3.5, balle a je ga rediyo. Ko filogi mai baki biyu na rediyon hannu ba ɗaya ba ne: a tsarin Kenwood, wanda Baofeng da ya cika kasuwa ke bi, babban bakin na makirufo ne ƙaramin na sauti, a tsarin Motorola kuwa akasin haka ne, tazarar da ke tsakanin bakunan ma ta bambanta. Ramin makirufo na gaban rediyon mota yakan yi kama da na wayar intanet mai haƙori 8, amma kowane kamfani da yadda ya raba haƙoran, wani ma yana ɗauke da wutar da za ta ƙona makirufo idan an kuskure. Hanya mafi aminci ita ce ƙofar baya da aka yi domin kayan ƙari, mai haƙori 16 a irin GM300 na Motorola, mai 15 ko 25 a wasu na Kenwood, bisa sharaɗin a sami takardar kamfani mai nuna aikin kowane haƙori, a gwada da mita kafin a liƙa dalma, kuma wani lokaci sai an shiga rediyon da kwamfuta an buɗe haƙorin kafin ya yi aiki. Akwai tsarin da murya ke buɗe rediyo da kanta ba tare da maɓalli ba, wanda ake kira VOX, amma a motar jiniya fitina ne, domin jiniyar ce za ta riƙa buɗe shi ta toshe zangon ga kowa. Abin da ya dace shi ne maɓalli a kan sitiyari ko na takawa da ƙafa domin direba, da babba a ƙirji domin mai jinya, wanda zai iya dannawa da gwiwar hannu ko yana sanye da safa.

Wuta da eriya

Sau da yawa akan zargi na'urar kunne da laifin da ba nata ba, domin ita tana bayyana duk aibin da lasifika ke ɓoyewa. Idan aka ji wani siririn kuka mai tashi da sauka tare da totur, to daga altaneta yake, kuma sababinsa galibi shi ne an ɗauki wutar rediyo daga ramin kunna sigari ko daga wayar fitila, ko kuwa an ɗaura as a wurare biyu mabambanta. Rediyon mota yana jan amfiya 10 ko fiye a lokacin watsawa, don haka haƙƙinsa ne a ja masa waya mai kauri daga batir, a sa fiyus kusa da kan batir ɗin, a nisanta wayoyin makirufo daga na jiniya da na fitilun rufi masu walƙiya. Manyan motocin kwana-kwana da yawa bolt 24 suke aiki da shi, rediyo kuwa na 12 ne, saboda haka sai da na'urar ragewa, ba a satar wuta daga batir ɗaya cikin biyu, domin yin haka yana kashe shi kafin ɗan'uwansa. Eriya kuma wurinta tsakiyar rufin ƙarfe, tsawonta wajen rabin mita a VHF, kimanin santimita 16 a UHF, kuma idan rufin motar na roba ne, kamar yadda ake ƙera wa wasu motocin asibiti masu tudun rufi, sai an shimfiɗa mata faifan ƙarfe a ƙarƙashi. Eriyar da ba a daidaita ba tana mayar da ƙarfin watsawa cikin mota, ya shiga wayar na'urar kunne ya zama gurnani, yana kuma iya rikita na'urorin auna bugun zuciya da ke kusa.

Hujjojin masu ƙi da abin da ke cikinsu na gaskiya

Akwai masu ganin cewa toshe kunnen direba haɗari ne, kuma maganarsu tana da ƙarfi, domin a cikin garin Kafanchan ko a ranar kasuwa a bakin titi, hon ɗin ɗan acaba da ihun mai tsallaka hanya suna cikin abin da direba ke tuƙi da shi. Sulhun da aka samu a ƙasashen da suka daɗe a wannan aiki shi ne a ba direba mai kunne ɗaya, a bar masa ɗayan a buɗe, a ba na baya mai kunne biyu. Inda ma'aikata suka kai uku ko huɗu, kamar a motar kwana-kwana, akan sa akwatin intakom irin na kamfanonin David Clark ko Firecom, wanda ke ba su damar magana da juna kullum ba tare da danna kome ba, ya kuma keɓe fita ta rediyo ga mutum ɗaya ko biyu. Wannan yana da fa'ida ta musamman a motar asibiti mai bango tsakanin gaba da baya, inda mai jinya ke bukatar ya ce wa direba ya sassauta a kan ramuka saboda mai karaya, ko ya tsaya cak na ɗan lokaci domin a sa allurar ruwa.

Akwai kuma masu cewa a huta da wayoyi a koma ga Bluetooth. Sauƙinsa a fili yake, musamman ga wanda zai sauka daga mota ya shiga kwari ya ɗauko mai rauni, amma ya ƙara batir guda da za a manta ba a yi wa caji ba, ya ƙara ɗan jinkiri da ke cinye kalmar farko, kuma yana iya rabuwa da rediyon ba tare da mai shi ya farga ba. Duk motar da ta zaɓe shi, ihtiyaɗi ya hukunta ta bar makirufon hannu da lasifika a jone, ta yadda idan sabon ya ƙi, tsohon yana nan.

Hujja ta uku ita ce ta kuɗi da kulawa, kuma ita ce mafi nauyi. Ƙurar hunturu tana shiga ramukan filogi, laimar damina tana sa musu tsatsa, zafin mota da aka rufe a rana yana fasa soson kunne, igiya kuma kullum a wuyan filogi take tsinkewa. Araha ba ta ado, amma mai tsadar ma ba ya daɗewa idan babu wanda aka ɗora wa amanarsa da sunansa, babu igiyar canji a akwati, babu maratayi da aka kafa masa. Sa'an nan abu ne da ke taɓa baki da kunnen mutane da yawa a motar da ke ɗaukar masu tarin fuka da masu zazzaɓin Lassa, wanda ke tasowa a ƙasar nan duk rani, saboda haka goge shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta bayan kowane aiki, da sauya soson makirufo, suna cikin sharuɗɗan amfani da shi. A gefe guda kuwa yana da wata falala da ba a cika ambata ba, wato sutura, domin marar lafiya da danginsa da ke zaune a gefensa ba su jin abin da likita ke faɗa game da shi daga asibiti. Sai dai kada wannan ya ruɗi ma'aikaci, domin rediyon da ba a kulle muryarsa ba, duk mai irinsa yana iya kama zangon ya saurara, don haka ba a ambaton sunan majiyyaci a iska, shekarunsa da jinsinsa da yanayin rauninsa sun wadatar.

Ladubban magana da wanda zai amsa

Malaman hadisi ba su karɓar labari sai sun bincika kowane mai ruwaya a cikin isnadi, domin raunin mutum ɗaya yana raunana riwayar duka ko da sauran amintattu ne, kuma haka saƙon rediyo yake, daga leɓe zuwa makirufo, zuwa igiya, zuwa rediyo, zuwa eriya, zuwa tashar kan tudu, zuwa kunnen wanda ke zaune a ofis. Na farko a cikin wannan jeri shi ne mai maganar da kansa. Rediyo yana ɗaukar sautin da ke tsakanin haz 300 da 3,000 ne kurum, yana zubar da sauran, don haka kalmomi masu kama da juna suna cakuɗewa, kuma kudancin Kaduna cike yake da irinsu: Kaura da Kauru ƙananan hukumomi biyu ne dabam, ga Kagoro da Kagoma da Kagarko, ga garuruwa da yawa da suka fara da Fada ko Unguwa ko Tudu. Motar da aka tura Kauru alhali Kaura ake nufi ta yi asarar sa'o'in da ba a mayarwa. Saboda haka ladabin aikin shi ne a danna maɓalli, a jira daƙiƙa guda kafin a fara, a ambaci wanda ake kira sa'an nan mai kira, a faɗi wuri tare da alamar da ke kusa da shi, a taƙaita, kuma wanda ya karɓa ya maimaita abin da ya ji domin a tabbatar. Ya kamata kuma a yi ittifaƙi tun farko a kan harshen aiki, domin a mota ɗaya ana iya samun Bajju da Ninzo da Bakagore da Bahaushe, kuma Hausa da Ingilishi ne suka haɗa su, amma tsallake daga wannan zuwa wancan a tsakiyar lamba ko adadi yana haifar da ruɗani. A saita wa rediyon kuma iyakar lokacin watsawa, kamar minti ɗaya, domin maɓallin da ya maƙale a ƙarƙashin kujera kada ya rufe bakin kowa.

Kafanchan ba baƙuwa ba ce ga irin wannan horo, domin tun da ta zama mahaɗar jirgin ƙasa a 1927, ma'aikatan reluwe suka rayu a kan ƙa'idar cewa ba a sakin jirgi a layi ɗaya sai tashar gaba ta amsa ta ba da izini. Abin da motar agaji ke bukata ke nan a ƙarshen isnadinta, wato wanda zai amsa. Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da tsarin ƙasa na agajin lafiya na gaggawa da motocin ɗaukar marasa lafiya a 2022, kuma nasararsa a wuri kamar Gidan Waya, mai Kwalejin Ilimi ta Jiha da ɗimbin ɗalibanta da babbar hanya a ƙofarta, za ta dogara ne a kan ko akwai rediyo a kunne a ɗakin gaggawa na asibiti da ƙarfe biyun dare, da batir mai riƙe shi idan an ɗauke wuta, da ma'aikacin da aka ɗora wa sauraronsa, da kuma zango guda da asibiti da jami'an kiyaye haɗurra da 'yan kwana-kwana suka yarda su haɗu a kansa ranar babban haɗari.

Hukuncin da wannan nazari ya kai mu gare shi ke nan: duk hukuma ko majami'a ko ƙungiyar agaji ta masallaci da ta mallaki motar ɗaukar marasa lafiya a wannan yanki, ta bi tartibi wajen kashe kuɗinta. Ta fara da lasisi da teburin mai amsawa, ta bi da tashar kan tudu ko yarjejeniya da mai ita, sa'an nan rediyon mota da wutarsa da eriyarsa a hannun ma'aikacin da ya san rediyo, ba mai wayarin kaɗai ba, sa'an nan na'urar kunne wadda aka yi domin wannan samfurin rediyo takamaimai. Kada kuma a karɓi aikin daga hannun mai haɗawa a cikin gareji da inji a kashe. A fita da motar kan titi, a kunna jiniya da fitilu, a taka totur, a kira daga Godogodo, a kira daga Fores, a kira daga gindin Hawan Kibo, a rubuta wuraren da murya ke yankewa a manna takardar a gaban direba, domin ya san inda zai yi magana kafin ya shiga da inda zai jira sai ya fita. Allah ya tsare matafiya, ya saka wa masu aikin ceto da alheri.